Awon ciki ko wankin ƙoda: wanne ya kamata asusun lafiya ya fara ɗauka?

Wata ranar Laraba bayan sallar Isha'i, limamin masallacin unguwarmu a cikin birnin Zariya ya ce jama'a su ɗan dakata. Wani tela da muka daɗe muna sahu ɗaya da shi yana kwance, ƙodarsa ta daina aiki, likitoci sun ce sai an riƙa yi masa wanki sau biyu a mako. Aka zagaya da hula. Abin da aka tara a daren ya biya wanki ɗaya da kuɗin mota. Mako na gaba aka sake zagayawa, na bayansa ma haka, amma kullum abin sai raguwa yake. Tausayi bai ƙare ba, aljihu ne ya gaji. Ya sayar da kekunan ɗinkinsa biyu, yayansa ya jinginar da gonarsu ta gado, bayan wata biyar Allah ya yi masa rasuwa. A wurin zaman makoki ne matarsa ta gaya wa maiɗakina cewa tun shekara shida da suka wuce aka ce masa yana da hawan jini. Ya sha magani wata biyu ya bari, tunda ba ya jin ciwon komai, kuɗin kemis kuwa cefane yake jira.

A shekarar nan dai, ƙarfe biyun dare, mijin ƙanwata ya kira ni. "Yaya, ta haihu amma jini ya ɓalle mata, muna hanya." Na same su a wani asibiti da ba zan ambaci sunansa ba, tana kwance leɓɓanta sun yi fari. Ma'aikaciyar jinya ta miƙo mini takarda ta ce, "Malam, hanzarta, babu ko ɗaya a nan." Safar hannu, ledar ƙarin ruwa, allurar tsayar da jini, sai jini leda biyu. Na hau babur ina buga ƙofar masu kemis ɗaya bayan ɗaya, ƙanena da wani abokinsa suka ba da jini. Ta rayu, alhamdulillahi. Har yau ina tunanin matar da aka kawo daga ƙauye a irin wannan dare, wadda ba ta da yaya mai babur da ɗan kuɗi a aljihu.

Mutum biyun nan kowannensu ya cancanci a taimake shi. Tambayar da ƙasa ke fuskanta ita ce: idan kuɗin da ke asusu ba zai ɗauki duka biyun ga kowa da kowa ba, da wa za a fara? Wannan ba maganar minista kaɗai ba ce. 'Yan kwamitin raya mazaɓa da ke sa ido kan asibitocin sha-ka-tafi, shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa da ake zuwa a tallata musu inshorar lafiya, da duk wanda ake gayyata taron jin ra'ayi kan kasafin kuɗi, kowa zai iya samun kansa a gaban wannan zaɓi.

Sai an san girman tukunyar kafin a yi maganar rabo. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, ta ce a zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Dokar ta yi rabon da kanta: rabi na biyan kuɗin jerin ayyukan lafiya mafi ƙaranci ta hanyar inshora, kashi 20 na magunguna da alluran rigakafi da kayan aiki, kashi 15 na gyaran asibitoci da na'urori da sufuri, kashi 10 na ma'aikata, kashi 5 na agajin gaggawa. Sai a kasafin 2018 aka fara sa masa kuɗi, kusan naira biliyan 55. A raba wannan ga mutanen Najeriya, abin da zai faɗa wa kowa a shekara bai kai naira 300 ba. Alkawarin da shugabannin Afirka suka ɗauka a Abuja a 2001, na ware kashi 15 na kasafi ga lafiya, har yau gwamnatin tarayya ba ta cika shi ba. Shi ya sa sama da kashi 70 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun marar lafiya da danginsa yake fitowa. A 2022 an yi sabuwar doka da ta wajabta inshorar lafiya, jihar Kaduna ma tana da hukumarta, KADCHMA, amma mafi yawan teloli da manoma da 'yan acaɓa ba su cikin kowane tsari.

Hanya ta farko ita ce a zuba kuɗin kan abubuwan da suka fi yawa kuma suka fi araha: awon ciki, haihuwa a hannun ungozoma mai horo, rigakafin yara, gwaji da maganin zazzaɓin cizon sauro, ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinc ga mai gudawa, maganin ciwon haƙarƙari, abincin tamowa, awon hawan jini da maganinsa. Ƙarfin wannan hanya a lissafi yake, kuma lissafin ba ya da wuyar ganewa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa cikin yara 1,000 da aka haifa da rai, 132 ba sa kai shekara biyar, kuma Arewa maso Yamma ta fi haka muni. Najeriya ita kaɗai ke ɗauke da sama da kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya. Abubuwan da ke kashe yaran nan maganinsu sananne ne, kuma ba ya da tsada. Ƙwayoyin da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa wata 59 duk wata da damina, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da su tun 2012, sun rage kwanciyar yara ƙwarai a inda aka yi rabon da gaskiya. Kuɗin da za a kashe a ceto mutum ɗaya a babban asibiti zai ceto mutane da yawa a nan.

Mu mutanen Zazzau ba sai mun je nesa neman hujja ba, domin a garin nan aka yi ɗaya daga cikin manyan binciken haihuwa na Afirka. Farfesa Kelsey Harrison, lokacin yana koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello, ya bi diddigin haihuwa 22,774 da aka yi a asibiti a Zariya daga 1976 zuwa 1979, aka wallafa sakamakon a 1985. Abin da ya gano shi ne mace-macen sun taru ne a kan matan da ba su taɓa zuwa awo ba, waɗanda ba a kawo su sai abu ya lalace, bayan doguwar naƙuda ko jijjiga ko zubar jini. Matan da suka yi awo, musamman waɗanda suka yi makaranta, haɗarinsu ya yi ƙasa sosai. Shekara arba'in ke nan da fitar wannan bincike, kuma duk wanda ya kwana a ɗakin haihuwa ya san labarin bai canja yadda ya kamata ba. Allurar da ke tsayar da jijjiga da ƙwayar da ke tsayar da zubar jini suna cikin magunguna mafi araha da asibiti ke ajiyewa. Rashinsu a kan kanta a daren da ake nemansu shi ne ke kashewa.

Raunin wannan hanya kuwa a fili yake. Ba ta kare gida daga tsiyacewa. Zazzaɓi ba ya sa a sayar da gona. Abin da ke sa a sayar da gona shi ne tiyata, ciwon daji, karaya a hatsarin mota, wankin ƙoda. Magidancin da aka ce ya riƙa biyan kuɗin inshora duk shekara, in ya ga abin da za a ba shi bai wuce maganin da zai iya saye a kemis ba, zai ce me zai sa ya biya. Kuma yana da gaskiyarsa.

Hanya ta biyu ta kama daga nan: a bar mutane su ji da ƙananan ciwo, asusu ya tsaya wa manyan da ke rusa gida. Hankali yana karɓar wannan, domin ainihin amfanin haɗa kuɗi ke nan, kamar yadda ake adashi saboda ranar da abu ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Kuma ita ce hanyar da ta fi taɓa zuciya, saboda mai ciwon ƙoda yana da fuska da suna, ana ganin hotonsa a Facebook, shi kuwa jaririn da gidan sauro ya tsare ba wanda ya san an cece shi.

To amma a yi lissafi. Kafin tallafin da gwamnatin tarayya ta sanar a 2025, wanda ya sauke farashin zuwa naira 12,000 a wasu asibitocinta, ana biyan kusan naira 50,000 a wanki ɗaya. Sau biyu a mako, shekara ta kama sama da naira miliyan 5 ga mutum ɗaya, ban da allurar ƙarin jini da gwaje-gwaje, kuma likitoci sun fi son a yi sau uku. Tallafi bai rage tsadar ba, ya dai sauya wanda ke biya. Wankin ba ya warkarwa, haka za a yi ta yi har sai an samu dashe ko rai ya yi halinsa. Da naira miliyan 5 ɗin nan, masu hawan jini nawa za a riƙe da magani shekara guda? Hawan jini da ciwon sukari kuwa su ne kan gaba wajen kashe ƙoda. Da telan unguwarmu ya samu ƙwayarsa kyauta duk wata a asibitin da ke bayan gidansa, da wanda zai neme shi in bai zo karɓa ba, mai yiwuwa da ba a kai ga zagayawa da hula ba.

Akwai kuma maganar wa zai amfana. Na'urar wankin ƙoda da ta gashin ciwon daji a manyan asibitoci suke, irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Mutumin Samaru ko Sabon Gari zai iya zuwa ya dawo a yini. Mutumin ƙauyukan Soba ko Ikara ko Kubau fa, sau biyu a mako, da mai rakiya, da kuɗin mota, da barin gona? Ko an ce kyauta ne, da yawa ba za su jure ba. Ke nan kuɗin kowa zai tafi ga wanda ya fi kusa da kwalta, wanda ya san wani, wanda dama yana da ɗan hali.

Hanya ta uku ita ce wadda 'yan siyasa suka fi so, a ce an ɗauki komai. Ghana ta gwada abin da ya yi kusa da haka. Ta kafa inshorarta a 2003, ta ɗora harajin kashi 2.5 a kan wasu kayayyaki da ayyukan da ake saye domin ciyar da ita, ta ce tsarin ya ƙunshi kusan kashi 95 na cututtukan da ake fama da su a ƙasar. Mutane sun shiga da yawa, zuwa asibiti ya ƙaru, ba a raina wannan nasara. Amma asibitoci sun sha yin watanni suna bin hukumar bashi, har wasu suka koma cewa mai kati ma sai ya biya. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Idan aka yi alkawarin komai da kuɗin da bai kai ba, zaɓin bai ɓace ba, ya koma hannun layi da sanayya da kalmar "babu". Takardar da aka miƙo mini ƙarfe biyun dare ita ma rabo ce, sai dai rabon da ba wanda ya zauna ya tsara shi, ba kuma wanda za a tuhuma a kansa.

Tailan ta bi ta wata hanya da ta fi burge ni. Da ta fara tsarinta na kowa da kowa a 2002, wanda ake biyan baht 30 na kuɗin ƙasar a zuwa asibiti, ta fito fili ta ce wankin ƙoda ba ya ciki. An yi ta ƙorafi, marasa lafiya suka kafa ƙungiya suka matsa. Gwamnati ta sa masana suka yi lissafi, a 2008 ta shigar da shi, amma da sharaɗin a fara da wankin da ake yi ta ciki a gida, wanda ba ya buƙatar zaryar asibiti. Kafin ta kai nan ta shafe shekaru tana gina asibitocin gunduma da tura likitoci karkara. Tushe ta fara kafawa, sannan ta ɗora, tana faɗa wa jama'a dalilin kowane mataki. Ƙasar Cile da ke Kudancin Amurka ta ƙara wani abu a 2005: ta zaɓi cututtuka 25 kawai, amma ta rubuta a doka iyakar lokacin da mutum zai jira da iyakar abin da zai biya, daga baya ta riƙa ƙara jerin.

Kada kuma a ɗauka lissafi kaɗai ya isa. Jihar Oregon ta Amurka ta gwada jera ayyukan lafiya bisa tsada da amfani zalla a 1990, sai ga gyaran haƙori ya hau sama da tiyatar afendis, abin da ke kashe mutum cikin kwanaki. Dole aka janye jerin aka sake zama da jama'a. Kwamitin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa ya fitar da rahoto a 2014 da ya ce a auna da ma'auni uku tare: yawan lafiyar da kuɗin zai sayo, fifita wanda ya fi kowa shan wahala, da kare mutane daga talaucewa. Ya kuma ce rashin adalci ne a faɗaɗa ayyuka masu tsada da ƙarancin amfani alhali na sahun gaba ba su kai ga kowa ba.

Da waɗannan ma'aunai uku na auna, ga inda na tsaya. Zan fara da hanya ta farko, amma ba zan tsaya a bakin ƙofar asibitin sha-ka-tafi ba. Akwai wasu ayyukan babban asibiti da suka ci dukkan ma'aunan uku, kuma su ne gadar da ke tsakanin hanyoyin biyu. Tiyatar haihuwa ita ce ta farko: sau ɗaya ake yi, tana ceton rai biyu, tana hana yoyon fitsari, kuma kuɗinta na iya karya gida. Matakin da ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya sanar a Nuwamban 2024, na yi wa mata marasa ƙarfi wannan tiyata kyauta, a ganina ya faɗa daidai inda ya kamata. Ƙarin jini yana nan, da motar da za ta ɗauko mai naƙuda daga ƙauye, da agajin awannin farko ga wanda ya yi hatsari a hanyar Kaduna ko ta Kano, da tiyatar afendis da ta hanjin da taifot ya huda. Gyaran yoyon fitsari, irin wanda ake yi a Asibitin Hajiya Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, shi ma yana ciki, domin matan da ke ɗauke da shi suna cikin waɗanda aka fi mantawa da su.

Ko wankin ƙodar ma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Macen da ƙodarta ta tsaya farat ɗaya bayan zubar jinin haihuwa, ko yaron da zazzaɓi mai tsanani ya taɓa tasa, sau da yawa wanki kaɗan suke buƙata ƙodar ta farfaɗo su koma gida. Wannan zan sa shi a sahun gaba ba tare da jinkiri ba. Na dindindin ne zan ware masa asusu daban mai iyaka, da ƙa'idar shiga a rubuce, yadda ba zai haɗiye kuɗin awo da rigakafi ba. Ina faɗin haka da nauyin zuciya, domin na san fuskar wanda wannan hukunci zai bari a baya. A nan ne zakka da waƙafi da masu hannu da shuni suke da babban gurbi, in an tsara su a asusu mai lissafi maimakon zagayen hula.

Ciwon daji ma haka. Allurar rigakafin sankarar bakin mahaifa da Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a 2023, da gwajin gano ta da wuri, su ne na kowa da kowa. Maganin wadda ta riga ta bazu sai a bi ta asusu na musamman, irin wanda gwamnatin tarayya ta kafa domin sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta prostate da ke kama maza, wanda asibitin Shika ke cikin cibiyoyinsa. Maganin rage raɗaɗi kuwa bai kamata a hana kowa ba, ko da an yanke ƙauna da warkewa, kuma ba ya da tsada.

Wani abu da ke damuna shi ne abubuwan da muka saba ɗauka kyauta ne. Maganin tarin fuka da ake bayarwa a cibiyar Saye da sauran wurare, maganin cuta mai karya garkuwar jiki, da kaso mai yawa na alluran yara, duk sun daɗe suna jingine da tallafin ƙasashen waje. Da Amurka ta dakatar da agajinta a farkon 2025 kowa ya ga yadda abin ya girgiza. Duk jerin da za mu rubuta, dole a bar wa waɗannan wuri a cikin kuɗinmu na gida kafin a waiwayi sabon abu mai tsada.

Jihar Kaduna na da mazaɓu 255, an kuma yi aikin gyara asibiti ɗaya a kowace mazaɓa. Gini yana nan a wurare da yawa. Abin da zan roƙi duk wanda ke da kujera a kwamitin mazaɓarsa ya nema shi ne a manna jerin abin da ke kyauta a bangon asibitin, da Hausar boko da ajami, da lambar da za a kira in an ce babu. Ya tambaya ko akwai ungozoma da dare, ko allurar jijjiga da ta tsayar da jini suna kan kanta a yau, ko na'urar awon hawan jini tana aiki, ko akwai littafin da ake rubuta masu hawan jini a bi sawun wanda ya daina zuwa.

In kuɗi ya ƙaru aka zo faɗaɗa jerin, ni dai abin da zan fara ɗaga wa hannu shi ne amosanin jini. Babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan jariran da ake haifa da sikila, kusan 150,000 duk shekara, kuma da yawansu ba sa kai shekara biyar. Gwajin ɗigon jini a makon haihuwa, ƙwayar kariya daga cututtuka, maganin rigakafin zazzaɓi, da ƙwayar da ke rage yawan tashin ciwon, duk ana iya bayar da su a asibitin mazaɓa in an horar da ma'aikata. A layinmu kaɗai gida uku ne ke da irin yaran nan, kuma iyayensu mata sun san hanyar Shika da tsakar dare fiye da yadda suka san hanyar kasuwa.